Zaɓen Fitilar UV ga Dabbobi Masu Jan Ciki da Ake Kiwo a Gida: Hujjar Farawa daga Halin Dabbar

Tsakure

Maƙalar nan ta duba yadda ya kamata a zaɓi fitilar altirabayolet, wadda ake taƙaitawa da UV, ga ƙadangaru da kunkuru da hawainiya da macizan da ake ajiyewa a cikin ɗaki don sha'awa, musamman a Turai da Amurka inda wannan kiwo ya zama babbar kasuwa. Matsayinta shi ne, lambar da kamfani ya buga a jikin kwali ba ta isa a dogara da ita ba. Abin dogaro shi ne yawan hasken da ke sauka a gadon bayan dabbar, a gwada shi da abin da irinta ke zaɓar wa kanta a daji, sannan a bar mata inuwar da za ta fake. An kuma auna wannan matsayi da sukar da ake yi masa.

Gabatarwa

Yawancin dabbobin da ake magana a kansu an raba su da ranar ƙasarsu ne aka kai su inda rana ba ta da ƙarfi, aka kuma sa su a bayan gilashi. Ƙadangare mai gemu, Pogona vitticeps, asalinsa daga tsakiyar Ostireliya yake. Tsaka mai zanen damisa daga yankin Pakistan da Afganistan take. Wasu kuma daga nan ƙasashenmu ake kwasarsu: babban kunkurun Sahel, Centrochelys sulcata, wanda mazauninsa ya miƙe daga Senegal ya ratsa Nijar da Chadi har Sudan, da damo, da ƙaramar mesar nan mai dunƙulewa, Python regius, wadda Togo da Benin da Gana suka daɗe suna fitarwa zuwa kasuwannin waje. Gilashin taga na yau da kullum yana barin hasken da ido ke gani ya wuce, amma yana tare kusan duk wani ɓangare na hasken rana da ake kira UVB. Saboda haka dabbar da ke kwance kusa da taga tana iya samun ɗumi da haske duk yini, jikinta kuma yana cikin yunwar abin da ya fi buƙata. Wannan giɓi ne fitilar UV take ƙoƙarin cikewa.

Aikin hasken a jikin dabba

Ana auna tsawon zangon haske da nanomita. Ɓangaren UVA yana tsakanin 320 da 400, UVB na rana wanda ke isowa doron ƙasa yana tsakanin 290 da 320, shi kuwa UVC da ke ƙasa da 280 sararin sama ne ke tace shi, ba ya iso mu. Kowannensu da aikinsa. Da yawa daga masu jan ciki suna ganin UVA da idonsu, don haka launin abinci da na abokin barbara yana iya sauya musu idan babu shi. UVB kuwa shi ne ke fara haɗa bitamin D3. Idan ya bugi fata, yana juya wani sinadari na dangin kolestarol ya zama mafarin bitamin ɗin, aikin kuma ya fi ƙarfi a wajen nanomita 295 zuwa 300. Daga nan zafin jiki ne ke ƙarasa juya shi ya zama D3, hanta ta sarrafa shi, ƙoda ta kammala, sannan hanji ya samu ikon tsotse kalsiyam daga abinci. Wurin da ya kamata a lura shi ne matsayin zafi a wannan jerin. Dabba mai jan ciki ba ta haɗa ɗumin jikinta da kanta. Sai ta sha hantsi. Ke nan a daji haske da zafi tare suke zuwa, daga sama, a wuri guda. Kejin da aka sa fitilar zafi a wannan kusurwa, ta UV a waccan, ya tilasta wa dabbar zaɓen ɗaya ta bar ɗaya, kuma kusan kullum zafi za ta bi.

Idan bitamin ɗin ya yi ƙaranci, kalsiyam na jini yana sauka, sai jiki ya koma yana kwasar shi daga ƙashi. Likitocin dabbobi sun san kamannin abin sarai. Ƙadangare mai tasowa zai daina ɗaga cikinsa daga ƙasa in yana tafiya, yatsunsa su riƙa karkarwa, ƙafafun baya su kumbura har mai shi ya ɗauka ƙiba ce, muƙamuƙin ƙasa ya yi laushi ya gajarce, baki ya kasa kama ƙwaro. A kunkuru ƙoƙon baya ne ke lotsawa idan aka danna da yatsa. Macen da ke ɗauke da ƙwai tana iya kasa nasa shi. Ciwon yana ɗaukar watanni kafin ya bayyana, wannan ne ma ya sa mummunan zaɓen fitila yake daɗewa ba a gane shi ba.

Abin da lambar kwali ke faɗa

Mai saye yana tarar da lambobi iri biyu a kasuwa. Kamfanin Arcadia yana rubuta kashi 6 ko 12 ko 14 cikin ɗari, Zoo Med kuma yana rubuta 5.0 ko 10.0 a kan fitilunsa na ReptiSun. Abin da irin wannan lamba ke nunawa shi ne kason UVB a cikin dukan hasken da fitilar ke fitarwa. Ba ta faɗin yawan hasken gaba ɗaya, ba ta kuma faɗin nawa ne zai isa fatar dabba. Fitila kamar garwashi take: abin da mutum ya samu ya danganta da inda ya zauna. Doguwar fitila ta T8, mai kaurin inci ɗaya, amfaninta a mafi yawan lokaci ba ya wuce tazarar santimita 30, alhali siririyar T5 mai ƙarfi, ko da lambar kwalinsu ɗaya ce, tana kai hasken nesa da haka sosai. Farantin da ke mayar da haske ƙasa yana iya kusan ninka abin da ke sauka. Ragar waya da ake rufe keji da ita tana cinye kashi ɗaya bisa uku ko fiye, gwargwadon ƙanƙantar idonta. Murfin gilashi ko na roba yana iya shafe shi gaba ɗaya. Sai kuma tsufa: fitilar tana ci gaba da haskawa fes a ido bayan UVB ɗinta ya ragu, shi ya sa kamfanoni ke ba da shawarar a sauya ta bayan wata 6 zuwa 12, gwargwadon irinta. Idan aka haɗa waɗannan, fitila guda mai lamba guda za ta iya ƙona idon tsaka a ƙaramin keji, ta kuma bar kunkuru da laushin ƙashi a babban ɗaki. Lambar da ta yarda da sakamako biyu masu karo da juna ba ta cancanci a kira ta ma'auni ba.

Haɗarin yawa ba zato ba ne. A wajen 2006 zuwa 2008 masu kiwo a Biritaniya da Amurka sun riƙa kai dabbobi asibiti da kumburarrun idanu a rufe, sun daina cin abinci, wasu da ƙunar fata. Da aka auna fitilun, sai aka gano wasu daga cikin ƙananan ƙwayaye masu murɗaɗɗen gilashi suna fitar da UVB mai gajeren zango wanda babu irinsa a hasken rana. An buga rahoton irin wannan cuta a jikin ƙaramar mesa da wata kulɓa mai shuɗin harshe a 2009. Darasin fasaha da ke ciki shi ne, ban da yawan haske, irin zangon da fitila ke fitarwa ma abin dubawa ne. A nan ya kamata a ambaci fitilu biyu da sunan UV ke ruɗar mutane da su: ta kashe ƙwayoyin cuta, mai fitar da UVC a nanomita 254, guba ce ga ido da fata, ita kuwa shuɗiyar nan da ake duba jabun kuɗi da ita UVA kawai take bayarwa, ba ta haɗa bitamin.

Ma'aunin da ya fito daga daji

Sauyin tunani ya zo ne daga aikin Gary Ferguson na Jami'ar Texas Christian da abokan aikinsa, wanda mujallar Zoo Biology ta buga a 2010. Maimakon su tambayi nawa rana ke bayarwa a ƙasar dabba, sai suka tambayi nawa dabbar ke karɓa. Sun bi nau'i 15 na ƙadangaru da macizai a kudanci da yammacin Amurka da kuma Jamaika, duk inda suka iske dabba sai su auna hasken a daidai wurin da take. Sun yi amfani da ma'aunin UVI, wanda aka fara ƙirƙira a Kanada a 1992 don gargaɗin mutane game da ƙunar rana. Abin da suka samu ya kasu rukuni huɗu. Na farko, masu zaman inuwa da masu fita da magariba ko asuba, matsakaicinsu daga 0 zuwa 0.7 ne, mafi yawan abin da aka gani kuma bai wuce 1.4 ba. Na biyu masu leƙa rana jefi-jefi, 0.7 zuwa 1.0, ƙololuwarsu 3.0. Na uku masu shan rana a fili ko a inuwa mai ratsi, 1.0 zuwa 2.6, ƙololuwa 7.4. Na huɗu masu jure ranar tsaka, 2.6 zuwa 3.5, ƙololuwa 9.5. A 2016 likitar dabbobi Frances Baines da wasu ma'aikatan gidajen namun daji na Biritaniya da Ailan suka faɗaɗa tsarin, suka rarraba nau'i fiye da 250 cikin waɗannan rukunai bisa abin da aka sani na halayensu.

Abin da ya fi ɗaukar hankali a alƙaluman nan shi ne ƙanƙantarsu. A ƙasashe masu zafi UVI na tsakar rana yakan haura 11, amma hatta rukuni na huɗu matsakaicinsa bai kai 4 ba. Dalili a bayyane yake ga duk wanda ya lura da ƙadangaren katanga: da hantsi yake fitowa ya baje, rana na take tsaka ya koma gefen inuwa. Wannan ya rushe kuskuren da ya fi yawa a kasuwa, inda ake zana hoton hamada a kan kwali a ce wa mai saye dabbar hamada sai fitila mafi ƙarfi. Kunkurun Sahel misali ne mai kyau. Yana zaune a ɗaya daga cikin yankunan da rana ta fi ƙuna a duniya, amma dabararsa ta rayuwa ita ce haƙa rami mai zurfi ya shige, ya fito kiwo da safe da yamma. 'Ya'yansa ƙanana ma sun fi shi ɓuya. Wanda ya sa ɗan kunkuru a ƙarƙashin hasken da ya yi daidai da tsakar ranar Agadas na awa 12, ba tare da rami ba, ya ba shi yanayin da ko a ƙasarsa gudunsa yake yi.

Daga nan ne zaɓen fitila ke samun tsari. Ga dabbar rukuni na ɗaya da na biyu, ana son haske mai rauni da ya bazu a babban ɓangare na keji, irin na inuwar bishiya, daga doguwar fitila mai ƙaramin kashi. Ga ta rukuni na uku da na huɗu, ana son yanki ɗaya mai ƙarfi a daidai wurin shan zafi, mai faɗin da zai rufe dukan jikin dabbar, sannan hasken ya riƙa raguwa har ya kai sifiri a ɗaya gefen. A ɗauki kejin ƙadangare mai gemu mai tsawon santimita 120. Fitilar T5 za ta kwanta a sama ta rufe kimanin rabin tsawon, kusa da ita ƙwan zafi, a ƙarƙashinsu faffaɗan dutse. Sai a ɗora na'urar awon UVI a kan dutsen, a ɗaga ta daidai tsayin bayan dabbar, a duba. Idan ta nuna 4, an shiga iyakar rukuninsa. Idan ta nuna 9, a ɗaga fitilar ko a rage tsayin dutsen. A matsa zuwa tsakiya a ga lambar ta sauka, a kai bakin maɓoya a ga sifiri. Ƙwai mai tururin zaiba, wanda ke haɗa zafi da UV a jiki ɗaya, yana da wahalar daidaitawa a nan, domin duk matsar da aka yi masa don gyara zafi ta sauya UV, kuma ba a haɗa shi da na'urar rage wuta. Ya fi dacewa da manyan wurare.

Dalilin nacewa a kan inuwa ya wuce tausayi. A 2003 Ferguson ya nuna cewa hawainiyar Madagaska, Furcifer pardalis, idan aka rage mata bitamin D3 a abinci tana ƙara daɗewa a ƙarƙashin UV, idan aka ƙara mata kuma tana ragewa. Ma'ana dabbar tana da hanyar auna buƙatarta. Aikin mai kiwo shi ne ya shimfiɗa mata zaɓi daga sifiri zuwa iyakar rukuninta, ita ta ƙarasa lissafin da babu na'urar da za ta yi mata.

Suka da amsoshinsu

Sukar farko ita ce ta masu cewa garin bitamin da ake barbaɗa wa abinci ya wadatar, kuma sun shekara suna kiwo ba tare da fitila ba. Akwai gaskiya a ciki, musamman ga macizan da ke haɗiye ɓera ɗungurungum da hantarsa da ƙashinsa. Amma ga masu cin ganye da ƙwari hujja ta karkata ɗaya gefen. A binciken da Dennis Oonincx da abokansa suka yi a Holan a 2010 kan 'ya'yan ƙadangare mai gemu, waɗanda suka samu UVB, ko da na awa 2 ne a rana, sun fi waɗanda aka ba bitamin ta baki yawan sinadarin a jini nesa ba kusa ba. Akwai kuma bambancin da ya fi wannan nauyi. Tun 1981 Michael Holick ya nuna cewa idan haske ya yi yawa a fata, rarar mafarin bitamin tana juyewa ta zama wasu sinadarai da ba sa ɗaga kalsiyam, don haka fata tana da birkinta. Bitamin na baki ba shi da birki. Idan ya yi yawa kalsiyam yana taruwa a jijiyoyin jini da ƙoda. Mai barbaɗa gari yana tafiya ne tsakanin ƙaranci da guba ba tare da sanin adadin da nau'insa ke buƙata ba. Sai dai a yi adalci: fitila ba ta maye gurbin kalsiyam ɗin kansa. Gyare da tsutsar da ake sayarwa don ciyarwa fosfaras ya fi yawa a jikinsu, dole a ƙara musu kalsiyam ko da hasken ya yi daidai.

Suka ta biyu ta shafi masu yawon dare. Me tsaka za ta yi da hasken rana? Bincike ya ba da amsa mai rassa. A 2000 an nuna cewa fatar tsakar gida ta yankin Bahar Rum ta fi ta wani ƙadangare mai shan rana saurin haɗa bitamin da ɗan ƙaramin haske, abin da ya dace da dabbar da ke samun rana kaɗan a bakin maɓoya. An ga ƙaruwar bitamin a jinin macijin masara na Amurka a 2008, da na tsaka mai zanen damisa a 2018, bayan an ba su UVB. Amma a binciken Hedley da Eatwell na 2013 kan ƙaramar mesa ba a ga wani sauyi na a-zo-a-gani ba. Wanda ya ce kowane mai jan ciki sai da UVB zai rayu ya wuce hujja. Abin da hujjar ta ɗauka shi ne, haske mai rauni tare da maɓoya yana amfanar wasu, ba a kuma nuna yana cutar da sauran ba. Inda ake buƙatar ƙarin taka-tsantsan shi ne zabiyoyin dabbobi da aka haifa don launinsu, waɗanda idonsu da fatarsu ba su da baƙin da ke kare su.

Suka ta uku ita ce mafi ƙarfi, kuma ba ta da cikakkiyar amsa. Nau'i 15 ne kawai aka auna a asalin aikin, dukansu daga yanki ɗaya na duniya, a wani ɓangare na shekara. Sauran ɗaruruwan an sanya su a rukuni ne ta hanyar kwatance da abin da aka rubuta na halayensu. Bugu da ƙari UVI an gina shi ne a kan yadda fatar mutum ke ƙuna. Ga batu na biyu akwai amsa: zangon da na'urar Solarmeter 6.5 ke ji ya yi kusa sosai da zangon da ke haɗa bitamin D3, shi ya sa take aiki a kan rana da fitila duka. Ga na farko kuwa, a amince cewa rukunan kiyasi ne. Sai dai kiyasin da aka faɗi tushensa, wanda kowa zai iya fita da na'ura ya gwada ya gyara, ya fi hoton hamada a kan kwali. A nan ne masu binciken dabbobi na jami'o'in Nijar da arewacin Nijeriya da Chadi suke da abin da na Turai ba su da shi. Kunkurun Sahel da damo da ƙadangaren duwatsun Ayar mai ƙayar wutsiya, Uromastyx geyri, duk a ƙofarsu suke. Awon da za a yi a bakin ramukansu, da rani da damina da lokacin hunturu da ƙura ke rage ƙarfin rana, zai gyara teburin da gidajen namun daji na duniya ke amfani da shi.

Ta huɗu ita ce tsada. Na'urar awo ta fi fitilar kanta kuɗi sau da yawa, kuma ba kowane mai kiwo ne zai saya ba. Hakan gaskiya ne, amma ba dole kowa ya mallaki tasa ba. Asibitin dabbobi ko kantin sayarwa ko ƙungiyar masu kiwo za su iya riƙe guda ɗaya. Tana kuma rama kuɗinta, domin fitilar da awo ya nuna tana da sauran ƙarfi ba sai an jefar da ita don wata shida ya cika ba. Wanda ba shi da hanyar awo sam, mafi kusa da daidai shi ne ya sayi fitilar kamfanin da ke buga teburin UVI na kowace tazara, ya auna tazarar da tef daga fitila zuwa bayan dabba, ya cire kason raga, ya rubuta ranar da ya kunna ta a jikinta. Wannan sharaɗi na teburin awo ya fi zama dole ga sababbin fitilun LED, waɗanda ke fitar da UVB a siririn zango, ba shimfiɗaɗɗe irin na rana ba.

Akwai masu cewa duk wannan wahala ce, rana ta fi kowace fitila. Wannan ba suka ba ce da za a mayar wa martani, domin hujja tana tare da su. A Italiya a 2012, Selleri da Di Girolamo sun raba kunkurun Turai gida uku na kwana 35: waɗanda aka bari a rana bitamin ɗinsu bai sauka ba, waɗanda aka sa a ƙarƙashin fitilu iri biyu kuwa nasu ya ragu. Mai ajiye kunkuru a Kano ko Maraɗi, inda rana take a wadace duk shekara, shingen tsakar gida mai rami da inuwa da ruwa ya fi masa duk abin da zai yi oda daga waje, balle fitilun kasuwar Amurka da aka ƙera don wuta mai bolt 120 alhali tamu 220 zuwa 230 ce. Sharaɗin dai shi ne kada a fitar da dabba rana a cikin akwatin gilashi: gilashin zai tare UVB ɗin da aka fito nema, ya kuma tara zafin da zai iya kashe ta cikin ɗan lokaci.